Yadda Ake Haɗa Taron Musayar Iri da Dashe a Ƙauye

Duk mai lambu ya san bedin tumatir, wato wurin renon dashensa, kan fi ƙarfin fangalin da aka tanada masa. Ka dasa wanda ka dasa, saura ya tsaya yana miƙewa har ya tsufa, a tuge a watsa wa awaki. A wannan makon kuma, a ƙauyen da ke gaba, akwai wanda kaji suka tone masa nasa bedin, yana neman dashe ido rufe, alhali ga igiyar dankali da 'ya'yan ayaba sun yi masa yawa. Musaya dai ba baƙuwa ba ce a wurinmu. "Yaya, sam mini irin kuɓewar nan taki," a ƙulle a bakin mayafi a tafi. Abin da ya rage shi ne a sa mata rana da wuri, domin mutum goma sha biyar su amfana a yini guda, a kuma gaisa.

Sai dai akwai abin da ya kamata mai shirya taron ya riƙe tun farko. Kayan kasuwa ana juya shi a duba kafin a biya. Iri kuwa sai bayan wata biyu ake sanin ko gaskiya aka faɗa maka, dabino ma sai bayan shekaru. Saboda haka yawancin matakan da ke ƙasa a kan abu ɗaya suke: a san sunan abin da ke cikin ƙunshi, a san daga hannun wa ya fito, a kuma tabbata lafiyarsa ƙalau.

Tsayar da rana

Lokaci biyu ne suka dace a shekara. Na farko shi ne farkon Yuli zuwa tsakiyarsa, sa'ad da damina ta zauna, ƙasa ta ƙoshi. Wannan na bishiyoyi ne da abin da ake dasawa da reshe: mangwaro, gwaba, lemo, zogale, lalle, darbejiya, itacen rogo, igiyar dankali. Bishiyar da ta shiga ƙasa a Yuli tana da ruwan Agusta da na Satumba a gabanta kafin sama ta ɗauke. Wanda ya bari sai ƙarshen Satumba ya ɗora wa kansa jigilar ruwa har wata damina, kuma da wuya dashen ya ga ƙarshen bazara.

Na biyu shi ne Oktoba, lokacin da masu noman rani ke fitar da dashe. A Kura, Bunkure, Garun Malam da Kadawa, inda ake sha daga madatsar Tiga, da Bagwai mai madatsar Watari, da wajen Auyo da Haɗeja, a wannan tsakanin ne tumatir da tattasai da albasa ke barin bedi. A nan ne kuma irin kuɓewa da rama na daminar da ta wuce ya bushe, ya isa rabo. Idan ƙarfinku na taro ɗaya ne, ni dai na fi son na Oktoba, domin kowa yana da abin kawowa, har wadda gonarta ba ta wuce tsohon bokiti biyu a bayan ɗaki ba.

Kada a haɗa da ranar kasuwar da ke kusa da ku. Mutumin Wudil ba zai bar Juma'a ba, na Dambatta da na Gujungu ba za su bar Lahadi ba, na Maigatari kuma Alhamis. A fara bayan azahar, a tashi da an yi la'asar, domin kowa ya isa gida ya dasa da sanyin yamma.

A yi sanarwa da wata biyu. Dalili kuwa shi ne tumatir na yin mako 3 zuwa 4 a bedi, tattasai da attaruhu mako 5 zuwa 6, albasa mako 6 zuwa 8. Wanda aka gaya wa saura mako ɗaya, abin da ya rage masa zai kwaso, ba abin da ya rena domin taron ba.

Mutane da wuri

A fara da mutum 10 zuwa 15 da suka san juna. A sanar da mai unguwa ko dagaci, a roƙi liman ya faɗa bayan salla. Idan akwai malamin gona na KNARDA ko JARDA, hukumomin raya aikin gona na Kano da Jigawa, a yankin, a gayyace shi, amma a gaya masa ba lacca aka kira shi ba, duba ganye zai taya ku.

Wurin yana buƙatar inuwa, ruwa a kusa, da abin da zai tare awaki. Gindin durumi ko ceɗiya ya yi, harabar makarantar firamare ma ta yi. Abin da bai kamata ba shi ne a yi a tsakiyar lambun mai masauki. Mutane sukan so haka don a ga aikinsu, amma kayan gona goma sha biyar za a sauke a gefen bedinsa, kowanne da ƙwarin da ya ɗauko. A yi taron a waje, in an gama a wanke hannu a shiga kallo.

Shirya abin da za ka kai

Nan ne aikin yake. A fara da iri. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ci na kirki a sayar, sai 'yan ƙarshe da suka ƙanƙance a bar su na iri. Juya abin. Tun shuka tana ganiyarta ka zaɓi gindin da ya fi lafiya da 'ya'ya, ka ɗaura masa tsumma, ka gaya wa yara ba a taɓa shi. Kuɓewa a bar ta ta bushe a jikin uwa har ta fara tsagewa. Tumatir kuwa a matse wanda ya nuna sosai a kofi, a bar shi kwana 2 ko 3 ya yi tsami har yauƙin ya saki, a wanke, wanda ya taso saman ruwa a zubar, wanda ya nutse a shanya. A inuwa ake shanyar iri, ba a kan kwanon rufi da tsakar rana ba. Idan ya bushe ƙayau sai a ƙunshe a takarda. Leda tana riƙe gumi, iri mai sauran danshi a cikinta fumfuna zai yi.

Mako biyu kafin taro ka gwada. Ƙirga ƙwaya 10, ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa. Idan 7 ko fiye sun tsiro, kai shi. Idan 4 ne, ko ka bar shi a gida, ko ka faɗa a yi masa shuka mai kauri. Irin albasa ya fi kowanne buƙatar wannan gwajin, domin da ya haura shekara ƙarfinsa ke zubewa. Na tumatir da kuɓewa sun fi shi jure ajiya.

Abu uku ne dole mai iri ya faɗa da bakinsa. Na ɗaya, idan asalin shukar daga fakitin da aka rubuta F1, alamar irin haɗi, ta fito. Irin da aka cira daga 'ya'yanta zai tsiro, amma ba zai maimaita uwar ba: wani gindi dogo, wani gajere, 'ya'ya iri-iri. Tumatir irin su UTC da Roma ba su da wannan matsalar, ana iya ajiye irinsu shekara da shekaru. Na biyu, abin da ke kusa da shukar. Tattasan da ya girma gefen barkono, ƙudan zuma na iya haɗa su, baɗi mutum ya ga tattasansa da yaji. Masara kuwa iska ce ke haɗa ta da ta maƙwabci. Na uku, idan irin kanti ne mai jan hoda ko ruwan hoda a jiki. Wannan magani ne, guba ne. Ba a ci, ba a ba kaji, ba a zuba shi a kwanon abinci, kuma ba a ajiye shi inda yaro zai kai hannu.

A kan kowane ƙunshi a rubuta suna, sunan mai shi da garinsa, da watan da aka cira. Da boko ko da ajami, duk ɗaya. Idan iri ne mai lamba, kamar waken SAMPEA ko gyaɗar SAMNUT da suka fito daga cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, a rubuta lambar yadda take, kada a ce "ɗan gwamnati" kawai a wuce.

Dashen kayan miya kuma, mako guda kafin ranar a rage masa ruwa, a janye rumfar da ke kansa, ya saba da rana. Da safiyar taron a jiƙa bedin sharkaf, sannan a ciro da ƙasarsa, ba a fizgo ba. A ɗaure 20 ko 25 a dami, a naɗe saiwar da jiƙaƙƙen buhu. Tumatir mai ganye 4 zuwa 5, gajere mai kauri, ya fi dogon da ya fara fure.

Na leda, a haɗa ƙasa kashi 2, yashi kashi 1, ruɓaɓɓen taki kashi 1. Ledar fiya wata da aka huda ƙasanta ta isa zogale da gwanda. Mangwaro da lemo suna son babba. Mako biyu kafin tafiya a ɗaga kowace leda a sauya mata wuri, domin saiwar da ta huda ta shiga ƙasa ta katse tun a gida, shukar ta farfaɗo kafin a ɗora ta a babur.

Rassa a yanke su ranar, ko jajibiri da yamma. Zogale kamar mita ɗaya, mai kauri. Rogo santimita 20 zuwa 25, mai gaɓa 5 ko fiye. Dankali santimita 30 daga kan igiya, ba tsohon gindi ba. Lalle, shuwaka da rumman, kaurin fensir. A yanke ƙasan a karkace, saman a miƙe, don kada wanda ya karɓa ya dasa kai a ƙasa. Yana faruwa fiye da yadda ake zato.

Bishiyoyi uku ne suka fi jawo ɓacin rai, don haka a yi musu bayani dalla-dalla. Dabino akwai mace akwai namiji, kuma wanda ya tsiro daga ƙwallo ba a sanin ko wanne ne sai ya yi fure, bayan shekara 5 ko fiye. Kusan rabi maza ne. Ɗan da aka ɓamɓaro daga gindin uwa shi ne ke ɗauko ta sak. Mutanen Dutse sun san wannan, can ne ma cibiyar binciken kwakwar manja ta NIFOR ke da reshenta na dabino. Gwanda ma haka take, shi ya sa ake ba mutum uku ya dasa wuri ɗaya, in sun yi fure ya cire mazan, masu fure a doguwar igiya, ya bar namiji ɗaya ga mata kamar goma. Mangwaro kuma, idan ka binne ƙwallon ɗan aure, wato wanda aka ɗora wa reshen wani iri, ba lallai ya haifi irin wanda ka sha ba. Wanda ya kawo leda ya ce Binta Siga ce ko Faparanda, a tambaye shi: aure ka yi mata ko ƙwallo ka binne? Idan aure ne, tabon yana nan a jikin kara, kowa zai gani. Mai neman tsantsar iri da zai riƙa yankar reshe daga gare shi yana iya tambaya a tashar cibiyar binciken kayan lambu da itatuwan marmari ta NIHORT da ke Bagauda.

Masu duba kaya

Kafin kaya su hau tabarma, mutum biyu su duba su: dattijo da ya daɗe a lambu, da matashi mai kaifin ido. Masu tumatir ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonaki a Kano da Jigawa da Kaduna da Katsina har tumatir ya gagari talaka. Ƙwanta da tsutsarta suna tafiya a jikin dashe. A ɗaga ganye a rana, in an ga farin tabo kamar an kankare tsakiyar ganyen an bar fata, da ɗan baƙin kashi a ciki, damin duka ba zai shiga ba.

A juya bayan ganye a nemi farin ƙuda da darɓa. Tumatir ko barkonon da ganyensa ya nannaɗe ya yi rawaya, cuta ce da farin ƙuda ke yaɗawa, ba ta da magani. Rogo mai ganye dabbare-dabbare a murɗe, ba a karɓar itacensa. A wanke saiwar dashe biyu ko uku daga kowane dami. Idan akwai ƙululu da suka kumbura a jikinta, ba sa fita ko an murza, tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani, kuma in ta shiga fangali fitar da ita aiki ne. Kada a rikita ta da 'yan ƙwayoyin da ke jikin saiwar wake da gyaɗa, waɗannan na amfani ne, suna ɓallewa da yatsa. A duba ƙasar leda ko da jiji ko kiri-kiri. Irin dawa, gero ko wake da ya fito daga gona mai ƙuduji, a sheƙe shi a rairaye tukuna, domin irin ƙuduji kamar ƙura yake.

Abin da aka ƙi a ƙone ko a binne da zurfi, ba a jefa bayan shinge ba. Yadda za a faɗa wa mai shi kuwa yana da muhimmanci, musamman in babba ne. A ja shi gefe: "Baba, zo ka ga abin nan da idonka. Ina jin daga maƙwabta ya shigo maka. A bar mana wannan a nan, rabonka kuma yana nan daidai da na kowa." Wanda aka kunyata a gaban jama'a ba zai dawo baɗi ba, kuma sau da yawa shi ne mai tsohon irin da ake nema.

Musayar kanta

Bayan addu'a, kowa ya tashi ya faɗi abin da ya kawo: kwana nawa yake yi, wace ƙasa yake so, jigawa ko laka, me ke damunsa. Mai hikima zai zo da shaida. Kaskon busasshiyar kuɓewa, tumatir biyar a faranti, kwanon kwaɗon rama daga irin da yake rabawa. A nan hira ke ɓarkewa, kuma kada a katse ta, domin rabin amfanin taron ke nan. A nan za ka ji cewa irin kuka sai an jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana kafin ya tsiro da wuri, ko kuma zogalen reshe ya fi saurin ba da ganye amma na iri ya fi shi saiwa mai zurfi.

Sai a yi zagaye. A karo na farko kowa ya ɗauki abu ɗaya, na biyu ma haka, na uku a saki. Abin da ya yi kaɗan kuma kowa na so, kamar ɗan dabino ko lemo ɗan aure, a yi masa ƙuri'a. Idan aka bar shi ga kunya da kara, kullum hannun mutum biyu zai faɗa.

Ba a sa farashi. Da an fara cewa mangwaro ɗaya daidai yake da dami nawa na albasa, an koma kasuwa, kuma mai ƙaramin ƙarfi zai janye. Mai sana'ar renon bishiya yana iya zuwa, ya sa nasa a tabarma kamar kowa, cinikinsa kuma ya bari sai an tashi. Wanda ba shi da shuka ko ɗaya ya zo da leda, ko buhun taki, ko ya ɗauki nauyin shayi da zoɓo. Yara 'yan makaranta a ba su ko da hannu wofi suka zo.

Mutum ɗaya ya riƙe littafi: wa ya karɓi me, daga wa. Littafin ɗalibi mai shafi 40 ya isa shekaru.

Ɓangaren mata

Yawancin irin kayan miya na gargajiya a hannun mata yake, a ƙullin tsumma da kwalabe: lalo, gasaya, yakuwa ja da fara, ɗoɗɗoya, kabewa, duma. Taron da aka yi a dandali kaɗai ya bar wannan duka a cikin gida. A sami gida mai faɗin tsakar gida, a yi na mata a rana ɗaya, da mai duba kayansu da mai littafinsu. Wata dattijuwa ko yara su riƙa kai tire tsakanin wuraren biyu. Abin da ya fi karɓuwa a nan shi ne mai rayuwa a buhu ko bokiti da ruwan alwala da na wankin shinkafa: na'a-na'a, alayyafo, lawashi, attaruhu gindi biyu, zogale a kusurwa. Ruwan wanki mai omo dai a kai shi wani wuri.

Idan an koma gida

Dashen kayan miya a yammacin nan zai shiga ƙasa, a ba shi ruwa nan take. Na leda kuwa a ajiye shi gefe, nesa da sauran shuka, har mako guda, ko wani abu da ya ɓuya wa masu dubawa zai bayyana. Ramin bishiya a yi shi kamar rabin mita faɗi da zurfi, a cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. A yage ledar a cire, kada a binne da ita. Tabon aure ya tsaya a saman ƙasa, kuma duk tohon da ya fito ƙasa da shi a cire, in ba haka ba gindin zai rinjayi reshen da aka ɗora. Mangwaro na son mita 8 zuwa 10 tsakaninsa da ɗan'uwansa, kuma a nisanta shi da katanga da shadda. Kafin ka kwanta ka kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando. Akuya ba ta jiran gobe.

Komawa dubiya

Zumunta a ƙafa take, saboda haka kafin a watse a sa ranar zagaye, bayan mako 4 zuwa 6. Ba sai kowa ya je ko'ina ba. A kasu uku-uku, a bi littafi, wanda ya ba da abu ya je ya ga yadda ya kama. Idan ya mutu, a nemi dalili tare, ko ruwa ne, ko gara, ko tun asali dashen ne ba shi da ƙarfi, in da saura a sake ba shi. Idan kuma iri ya fito ba yadda aka faɗa ba, a rubuta a gefen sunansa a littafi, a gaya wa mai shi cikin sirri don ya daina rabawa. Yawanci shi ma haka aka ba shi.

Sharaɗi ɗaya ya kamata a amince da shi: wanda ya karɓi iri ya yi kyau a wurinsa, zai dawo da ninkinsa taro na gaba. Da haka iri ɗaya zai zauna a gida biyar, ko gara ta cinye na wani, ko ambaliya ta tafi da na wani, ana samunsa. A ranar zagayen ne kuma ake raba aikin baɗi. Wanda ya ɗauki alkawarin mangwaro ɗan aure sai ya tara ƙwallon mangwaron gargajiya a lokacinsa, wajen Afrilu da Mayu, ya binne shi da ɗanyensa domin ba ya jure ajiya, ya rene shi har karan ya kai kaurin fensir, sannan ya ɗora masa reshe. Wannan ba zai isa taron Yulin da ke tafe ba, sai na shekara mai zuwa, don haka a rubuta sunansa a shafin can.